Musayar Waƙa: Don Me Gishiri Ke Tafiya da Sukari?

'Yar Zongo:
Salamu alaikum malaman wannan zaure,
Ga tambaya ta hana ni barci da dare:
In zawo ya kama yaro, jiki ya ƙanjare,
Don me ake jiƙa gishiri da sukari tare?

Malamin Kimiyya:
Wa alaikis salamu ɗiyata, ga amsa na zuwa.
Ƙwayar halitta, tantani ke kewayewa,
Maiƙo ne ninki biyu, ido bai ganowa,
Bai kai nanomita 10 ba in an tashi aunawa.
Iskar oksijin kai tsaye take ratsawa,
Daga inda ta taru zuwa inda take ƙarewa.
Sodiyam na gishiri kuwa, maiƙo ke tarewa,
Sai ta ƙofar furotin yake samun wucewa.

Ɗan Madarunfa:
Gafara Malam, in ɗora a kan naka.
A 2018 kwalara garinmu ta sauka,
Na ga idon yara ya zurma, babu hawaye a kuka,
Ka tsunkuli fatar ciki, ta tsaya yadda ka saka.
Gubar cutar kan sa hanji ya yi ta tuttuɗa,
Gishiri na fita, ruwa na bin sa ba tsayawa.
To ta ina maganin ke samun hanyar shiga?

Malamin Kimiyya:
Madalla ƙanena, nan ne gaɓar maganar.
A bangon hanji akwai wata ƙofar,
Gubar kwalara ba ta toshe mata hanyar.
Sodiyam 2, gulukos na sukari 1, tare suke tafiyar,
In babu ɗaya, ɗayan ma ba shi da damar.
Sun shige, ruwa ya bi su, jini ya samu wadatar.
Masani Robert Crane a 1960 ya bayyana dabarar.
Can baya kuma famfo ke ta hidimar:
Sodiyam 3 waje, fotasiyam 2 ciki, da ATP, makamashin ƙwayar,
Shi ke rage sodiyam a ciki, sabo ya samu sarar.

Inna Mai Unguwarzoma:
Allah ya ƙara sani Malam, ga nawa ga mata:
Lita 1 ta tafasasshen ruwa, a bari ta huce da kanta,
Sukari ƙaramin cokali 6, a shafe baki, kar a tula ta,
Gishiri rabin ƙaramin cokali, ƙari kan jawo ɓarna da cuta.
In akwai ƙunshin SRO, haɗaɗɗen gishiri da sukari, shi ya fi, a nemo a likita.
Kurɓi-kurɓi ake ba shi, nono kuma kar a yanke ta.
In yaro ya kasa sha ko ya langaɓe, 'yata,
Goya shi ki nufi likita, ko da tsakar dare ki fita.