Tsarabar taro: shawarwarin malamai

Da abokan aikinmu suka dawo daga taron ƙara wa juna sani kan fasahar koyarwa, sai muka zauna a ofishin malamai muka tattauna.

Kusan bakinmu ya zo ɗaya: kada malami ya kwaso duk abin da ya gani. Ya zaɓi manhaja guda, ya gwada a aji ɗaya tsawon zango, sannan ya koya wa sauran.

Maganar wuta da data ce ta fi cin lokaci. Kahoot, wata manhajar yi wa ɗalibai tambayoyi a aji, na buƙatar na'ura a hannun ɗalibai, mu kuwa ina muka ganta? Shi ya sa Plickers, wata manhajar tambayoyin, ta kwanta mini a rai. Kowane yaro na riƙe da kati bugagge, ya juya gefen A, B, C ko D sama ya ɗaga, malami ya bi ajin da kyamarar wayarsa, nan take ya ga waɗanda darasin bai shiga ba. Waya ɗaya da 'yar data sun wadatar.

Wata malama kuma ta ja kunnenmu: a nemi izinin shugaban makaranta kafin a saka sunayen yara a kowace manhaja.