Silindar masu nutso za ta yi wa mara lafiya aikin oksijin a gida?

Abu_Khalil:
Salam jama'a, don Allah shawara nake nema. Mahaifiyarmu aka sallamo daga asibiti, ciwon huhu ne, likita ya ce hayaƙin itacen girki ne na shekara da shekaru, kuma ya ce a nema mata oksijin a gida lita 2 a minti ɗaya. To akwai abokina da yake aikin nutso a teku nan Legas yana da silinda biyu da regileta ya ce zai ara min, shi ne nake tambaya ko zan iya haɗa mata tunda injin konsantireta, mai tace oksijin daga iskar ɗaki, ya yi tsada ga kuma matsalar wuta.

Maman_Hanifa:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba Hajiya lafiya. Ni nas ce, ɗan'uwa don girman Allah kar ka yi. Abin da ke cikin silindar nan ba oksijin zalla ba ne, iskar da muke shaƙa ce aka matsa a ciki, oksijin ɗinta kashi 21 ne cikin 100, sauran kusan duk naitirojin. Ko iskar nutso da suke ce wa nitrox, wadda ake ƙara wa oksijin, yawanci kashi 32 ko 36 ne oksijin ɗinta. Kai hankalinka a kwance kana ganin tana samu, ita kuwa oksijin ɗin jininta yana ta sauka.

Ɗan_Apapa:
Gaskiya ta faɗa maka. Kuma regiletan nutso a baki ake cizawa, sai ka zuƙa da kanka yake sakin iska, tsohuwa tana barci ta yaya za ta riƙe shi? Kar kuma wani ya ce ka kai a cika maka da oksijin zalla, silindar nan matsinta ya kai bar 200 (ma'aunin matsin iska), in oksijin ya haɗu da giris ko robar da ke cikin bawul yana iya kamawa da wuta nan take, sai an yi wa kayan wanki na musamman tukuna. Oksijin ɗin masu walda ma ba don mutum aka tanade shi ba.

Abu_Khalil:
Subhanallah, na gode. To Anti yaya zan yi da maganar wutar?

Maman_Hanifa:
Konsantireta mai lita 5 tana cin wajen wat 350, inbata mai kyau za ta ja ta, in janareta ne a ajiye shi can waje nesa da taga saboda hayaƙinsa kisa yake yi. Ka tambaya a asibitin da suka sallame ta inda ake bayar da hayar silindar asibiti mai filomita (abin saita yawan litar da ke fita), ka ajiye ɗaya saboda in an ɗauke wuta da tsakar dare. Sayi ɗan abin maƙalawa a yatsan nan mai auna oksijin ɗin jini, masu irin ciwonta galibi 88 zuwa 92 ake so ya nuna amma likitanta zai faɗa maka nata, kuma kar ka ƙara lita da kanka don in ya yi yawa yana sa su nauyin barci numfashi ya ja baya. Ɗakin kuma ban da turaren wuta, ban da maganin sauro na kunnawa da risho, kar a shafa mata basilin a hanci. In ka ga leɓenta ya canja launi ko ta fara ruɗewa ku wuce asibiti kai tsaye.