Mutane suna ɓata hanya a manhajarmu, wane irin gwaji za mu yi?

Aminu: Assalamu alaikum. Muna da manhajar ajiya da adashe, amma ƙorafi ya yi yawa. Mutane ba sa gane inda ake cire kuɗi, wasu sai sun bugo waya kafin su ga jerin zubin da suka yi. Oga ya ce a gwada da mutane kafin a sake tsari. Daga ina ake farawa?

Hajiya Binta: Wa alaikumus salam. Kada ka tambayi mutum "ya ka ga manhajar?" Cewa zai yi ta yi kyau, don kada ya ba ka kunya. Aiki za ka ba shi: "tura wa ƙaninka dubu biyar, ka nuna min risit." Sai ka ja bakinka ka yi shiru, ka roƙe shi ya riƙa faɗin abin da yake nema da baki. Duk inda yatsansa ya tsaya yana lalube, rubuta. Kana nuna masa maballi, gwajin ya lalace.

Musa: Gaskiya ne, Hajiya. Kuma ba sai ka tara jama'a ba. Jakob Nielsen, masanin irin wannan gwaji, ya rubuta a 2000 cewa mutum biyar kan bankaɗo kusan kashi 85 cikin 100 na matsalolin. Amma biyar daga kowane rukuni fa, don mai POS da dattijuwar da ɗanta ya saka mata manhajar ba tafiyarsu ɗaya ba.

Zainab: Tunda matsalar ta jeri ce, fara da katuttuka. Rubuta kowane aiki a kati, cire kuɗi, zubi, sayen data, biyan kuɗin wuta, ka bar su su haɗa waɗanda suke ganin gidansu ɗaya. Daga baya ka gwada sabon jerin a Treejack, shafin intanet da ke nuna ko mutane na gano abu a cikin jeri, ko ka haɗa zanenka na Figma (manhajar zana tsarin shafuka) da Maze, mai tura wa mutane gwaji ta linki.

Sani: Anti Zainab, Maze ɗin nan sai ɗan boko mai data. Ɗan kasuwa ba zai buɗe wani linki ba. Aminu, ɗauki ƙaramar Itel ko Tecno ka shiga Kantin Kwari da rana tsaka, ga hayaniya, ga netwok yana ɗaukewa, ga kwastoma na jira. A nan za ka ga maballin da hasken rana ke haɗiyewa. Kuma ina zargin kun ɓoye cire kuɗi cikin maballin nan mai layuka uku na kusurwa. Ku sauko da shi ƙasan shafin farko. Mutanenmu sun saba da irin *737#, gajeren jeri a fili, ka danna lamba ka wuce.

Hajiya Binta: Asusun gwaji za ka yi amfani da shi, mai kuɗin bogi. Ba wanda ke son baƙo ya ga balas ɗinsa, ga kuma dokar kare bayanai ta 2023. In za ka naɗi fuskar waya, nemi izini. Matan aure kuwa, mace za ka tura musu gida.

Musa: In Oga na son maki, akwai SUS, takardar tambayoyi 10 da ke auna sauƙin amfani da manhaja, matsakaicin maki 68 cikin 100. Ni dai na fi yarda da ƙirga mutum nawa suka kai ga cire kuɗin ba tare da taimako ba.

Aminu: Allah ya saka da alheri. Ana biyan waɗanda aka gwada da su ne?

Sani: Ka hana mutum ciniki na rabin awa ai dole ka ba shi na kati. Ka miƙa masa tun kafin a fara, don kada ya ɗauka kuɗin yabo ne.