In ɗan kabu-kabu ya taka birki, ina ƙarfin gudun yat tafi?

Ɗan_Mabera:
Salamu alaikum jama'a, don Allah a taimaka min WAEC ta matso. Malamin fiziks ɗinmu ya ce enaji ba a ƙirƙirar shi kuma ba ya ɓacewa, sai dai ya canza kama. To in ɗan kabu-kabu ya taho a guje ya taka birki nan shataletalen Dandima ya tsaya cik, ai ƙarfin gudun ya ƙare kenan ko? ina yat tafi?

Bala_Bakanike:
Ƙanena ba sai an ja da nisa ba, in ya tsaya ka kai hannu kusa da wurin birkin tayar baya, kusa fa na ce kar ka taɓa. Zafi ne kamar me. Takalmin birki ke gugar ƙarfen taya, shi ya sa masu son gudu kullum suna garejinmu canjin shi, wani ma har wari kake ji na ƙuna.

Malam_Sani_Arkilla:
Gaskiyar Bala ce. Bari in sa maka lissafi, a ce babur da mutum biyu kilo 200 ne suna gudun kilomita 60 a awa, rabin nauyi sau gudu sau gudu (gudun a mita cikin daƙiƙa, wajen 16.7) zai ba ka ƙarfin gudun, kusan jul 28,000 (jul shi ne ma'aunin enaji), kuma duk wannan zafi yake komawa, mafi yawa a birki, saura a taya da kwalta da iska. Lita ɗaya ta ruwa na buƙatar wajen jul 4,200 kafin zafinta ya hau digiri 1, kenan tsayawa guda ta isa ta ƙara mata fiye da digiri 6. In gudun 30 ne kuma jul 7,000 kawai, kashi ɗaya cikin huɗu ba rabi ba, nan ɗalibai ke faɗuwa a jarabawa. James Joule ne ya auna yadda motsi ke komawa zafi a Ingila a shekarun 1840, ya rataya nauyi da igiya yana sauka yana juya filafili cikin ruwa, ruwan ya ɗan ɗumama ya auna da ma'aunin zafi.

Maman_Hanifa:
Au shi ya sa in munka kai niƙa garin ke fitowa da zafi kenan? ni da na ɗauka hayaƙin injin ne wallahi

Ɗan_Mabera:
Na gode Malam. To ana iya maida zafin ya koma gudu?

Malam_Sani_Arkilla:
Wanda ya riga ya watsu cikin iska kam ba ka iya tattaro shi duka. Motocin lantarki dabara suke tun kafin ya zama zafi, in an rage gudu tayoyin ne ke juya injin ya zama janareta, wani kaso ya koma batir. Maman Hanifa e, gugar faifan niƙa ce da hatsin.