Me za mu kira eriyar da ake kauce wa idon maƙwabta da ita?

Mai Fassara: Salamu alaikum jama'a. Kalmar da ke gabanmu yau daga fagen rediyon 'yan sha'awa take, wato masu lasisin magana da juna ta iska, abin da mutanenmu kan haɗa da sunan oba-oba. A Amurka unguwanni da yawa suna ƙarƙashin ƙungiyar masu gidaje, kuma takardar sayen gida tana ɗauke da sharaɗin ba a kafa eriya a waje. Don haka masu wannan sha'awa suka ƙware wajen yin eriyar da ba ta tsone wa kowa ido, suna kiranta *stealth antenna*. Rabin aikin an gama, domin eriya kalma ce da kowa ya sani. Saura siffar. Na fara da "eriyar sirri". Me kuka gani?

Malam Mai Nahawu: Wa alaikumus salam. Hajiya, "sirri" ba za ta yi ba. Duk wanda ya ji "eriyar sirri" tunaninsa zai tafi ga ɗan leƙen asiri ko gidan rediyon da ba shi da izini. Su kuwa waɗannan mutanen lasisi gare su, kuma dokar hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta wajabta musu faɗin lambar kiransu kowane minti 10 suna kan iska da kuma ƙarshen magana. Tashar a fili take, kamannin eriyar kawai ake sakayawa.

Injiniya: Allah ya gafarta Malam, haka ne. Bari in sa dokar a faifai don kalmar ta hau daidai. A 1985 FCC ta fitar da hukuncin da ake kira PRB-1, wanda ya ce ƙananan hukumomi da jihohi su yi wa eriyar 'yan sha'awa sassauci gwargwado. Amma hukuncin bai shafi yarjejeniyar da mutum ya sa wa hannu da ƙungiyar unguwa ba, tunda wannan ciniki ne tsakaninsu. Akwai wata doka ta 1996 da ta hana ƙungiyoyin nan hana eriyar talabijin da dish ɗin da bai wuce mita 1 ba, ita ma ba ta haɗa da rediyon sha'awa ba. Ƙungiyar 'yan rediyon sha'awa ta ƙasa, ARRL, ta tura ƙuduri majalisa, ya wuce Majalisar Wakilai a 2016, ya sake wucewa a 2017, bai tsallake ta Dattawa ba. To abin da ake gudu shi ne takardar gargaɗi da tara daga ƙungiyar unguwa, ba 'yan sanda ba.

Mai Fassara: Na janye "sirri". To "ɓoyayyiyar eriya" fa?

Baba Mai Gyaran Rediyo: 'Yata, ɓoyayyiya ta dace da iri ɗaya ne kawai, wadda ake shimfiɗawa a cikin silin, tsakanin silin da rufi. Ga yadda take. Waya biyu masu tsawo ɗaya, kebul ya shigo a tsakiyarsu. Tsawon duka ana samunsa da raba 143 da megahaz ɗin da ake so, amsar ta fito a mita. A zangon mita 20 (ana kiran kowane zangon rediyo da tsawon igiyarsa ne), wato wajen megahaz 14.2, tsawon wayar ya kama mita 10 da 'yan kai, kowane hannu mita 5. A zangon mita 40 kuwa mita 20 ake nema, kuma silin kaɗan ne ke da wannan tsawon. Sai a miƙe tsakiyar a ƙololuwar rufi, a lanƙwasa bakunan su bi gefe, domin tsakiyar ce ke ɗauke da mafi yawan wutar da ke fita iska.

A cikin silin waya takan buƙaci gajarta fiye da lissafi, saboda robar da ke jikinta da kusancin katako da wayoyin gida. Kada a yanke nan take. A naɗe bakin a mayar da shi baya santimita 5, a auna SWR, wato ma'aunin da ke nuna ko eriya ta dace da rediyon, a sake, har ta zauna. Bakunan nan kuma su ne wurin ƙarfin bolt, kada su taɓa katako, a ɗaure su da igiya ta hanyar guntun roba ko tangaran.

Abin da ke kashe ta: rufin ƙarfe, ko takardar alminiyon da ake mannawa ƙarƙashin rufi don korar zafi. Da ɗayan biyun nan, sigina ba ya fita yadda ya kamata. Shi ya sa a gidajenmu masu rufin kwano wannan dabarar ba ta da amfani, ta gidajen da aka rufe da katako da fale-falen kwalta ce.

Injiniya: In ƙara a kan na Baba. Eriyar silin tana zaune ne tsakiyar wayoyin gida, saboda haka tana kwasar hayaniyar caja da ƙwan LED da imbata, ita ma tana shiga cikin kayan gida: ƙararrawar hayaƙi ta yi ƙara, makunnin tsaro na wuta ya faɗi, sifika ta yi gunaguni. Maganin farko shi ne a naɗe kebul ɗin sau 10 zuwa 12 a zoben ferit, wani abu mai ɗaukar maganaɗisu, samfurin FT240-31, dab da inda ya haɗu da eriyar, don kada bayan kebul ɗin ya zama eriya shi ma. Na biyu, rage wuta. Kuma tun 3 ga Mayu 2021 FCC ta sauya ƙa'idar auna yawan igiyar rediyon da ke taɓa jikin mutane, kowace tasha sai ta tabbatar ba ta wuce iyaka ba. Eriya a saman ɗakin kwana da wat 100 abu ne da za a yi wa lissafi, ba a ɗauka kawai lafiya lau.

Malam Mai Nahawu: To ashe "ɓoyayyiya" reshe ce, ba uwa ba. Wadda ke tsaye a ƙofar gida kowa yana ganinta bai san eriya ba ce, ba za a ce an ɓoye ta ba. Hausa na da kalmarta: ɓad-da-kama. Ko kuma "shigar burtu", daga maharbin da ke ɗaura kan burtu a goshi ya sunkuya namun daji su ɗauka tsuntsu ne. Ina ganin "eriyar ɓad-da-kama".

Injiniya: Ita ce daidai da sandar tuta, wadda ta fi kowace shahara a can. Akwai dokar Amurka ta 2005 da ta hana ƙungiyar unguwa hana mutum kafa tutar ƙasa, amma a lura, tutar ta kare, ba ta ba da tabbacin sanda mai tsayuwa da kanta ba, ƙungiya na iya sa ƙa'idar wuri da yanayi. Sai an nemi izinin sandar tukuna.

Ginin kuwa haka yake. Sandar alminiyon mai tsawon mita 6 zuwa 7, a raba gindinta da ƙasa da sandar fayiba mai kauri ko bututun roba mai ƙarfi. Ko kuma sandar fayiba mai rami a zura waya a ciki. Wannan rabin eriya ce, sauran rabin yana ƙasa: wayoyi 16 ko fiye, kowace kamar tsawon sandar, a baza su daga gindi zuwa kowace fuska. In an samu 32 ya fi. Ba sai an tona ba, a aske ciyawa ƙasa-ƙasa, a danne wayoyin da ƙusoshi masu kan lanƙwasa, ciyawa ta haɗiye su da kanta. Wanda ya sa turken ƙasa guda ɗaya ya ce ya gama, SWR na iya yi masa kyau, amma wutarsa ƙasa take dumamawa.

Na'urar daidaitawa, wadda ke sa eriya ta dace da rediyo a kowane zango, a gindin sanda ya kamata ta zauna, cikin akwatin da ruwa ba ya shiga, a rufe ta da shuke-shuke ko dutsen roba. In aka bar ta a ɗaki, doguwar kebul irin RG-58 za ta cinye wuta mai yawa a zangon da sandar ba ta dace da shi ba. Kada kuma a yi kwaɗayin tsawo: da sanda ta wuce kamar mita 6 da rabi zuwa 7, a zangon mita 10 sigina yakan fara tashi sama maimakon ya kwanta ya yi nisa. Igiyar tuta ta zama ta leda, ba ta ƙarfe ba. Mita biyun farko na sandar a sa musu rigar bututun roba, domin yaro na iya dafawa ana cikin magana ya ƙone. Sai turken tsawa da aka haɗa da na gidan. Kafin a haƙa ramin kankare, a can lamba 811 ake kira su zo su nuna inda bututun gas da wayoyi suka bi.

Mai Fassara: Ɓad-da-kama ta zauna mini. Shigar burtu tana da daɗi, amma tana ɗauke da ƙanshin yaudara da mugun nufi, kamar yadda ake faɗa wa ɓarawon da ya yi shigar mata. A bar ta ga raha. Tambayata: siririyar wayar da ake ja zuwa bishiya, ita ba a ɓoye take ba, ba ta kuma yi kama da wani abu ba. Ina za mu sa ta?

Baba Mai Gyaran Rediyo: Wannan ita ce mafi arha, kuma sau da yawa ta fi sauran aiki domin tana waje, tana sama. Waya mai lamba 26, ƙarfe a ciki da rufin jan ƙarfe, baƙar riga wadda ba ta ƙyalli. Daga titi da wuya ido ya kama ta, musamman in bayanta bishiya ce. Wayar naɗin koyil ta fi ta ɓacewa, amma iska ko tsuntsu na tsinka ta. Abin da ke tona asiri ba wayar ba ce, farin insuleta ne da kebul mai reto. Sai a ɗaure bakin da zaren fatsa mai kauri ko baƙar igiya siririya, kebul kuma ya bi bango a shafa masa fentin bangon.

Irin da aka fi so ita ce wadda kebul ke shiga ta bakinta guda maimakon tsakiya. Waya mita 20 da 'yan kai tana aiki a zangon mita 40, 20, 15 da 10. A bakin ana sa ƙaramar taransfoma 49:1, zoben FT240-43, naɗi 2 a gefen kebul, 14 a gefen waya, da kondensa pF 100 mai jure bolt mai yawa a gefen kebul don gyara zangunan da megahaz ɗinsu ya fi yawa. Akwatin ya ɓuya ƙarƙashin bakin rufi. In an ɗaure ɗaya bakin a bishiya, a bi da igiyar ta kan ƙaramin gargare a rataya nauyi, don bishiya ta yi lilo waya ba ta tsinke ba. Kuskuren da ake yawan yi shi ne tura wat 100 na FT8, wani salon aika saƙo ta kwamfuta, ta zobe ɗaya. Wannan salon yana riƙe wuta cike tsawon kowace aikawa, zoben ya yi zafi, SWR ya riƙa hawa a hankali. In aka ga haka, a rage wuta ko a haɗa zobe biyu.

Malam Mai Nahawu: Wannan sai in ce "eriyar silili". Silili zare ne siriri, mai jin kalmar ya riga ya ga abin. Wani zai ce "layar zana" don ba a ganinta, amma wannan ta wasa ce, ba ta shiga littafi.

Injiniya: Silili ta yi. Akwai sauran 'yan ɓad-da-kama biyu. Magudanar ruwan rufi ta alminiyon ana iya mayar da ita eriya ta hanyar haɗa ta da na'urar daidaitawa, amma gaɓoɓinta fenti ne a tsakani, sai an kankare an haɗa kowace gaɓa da sukuru da guntun waya. Gaɓa mai tsatsa ko mai motsi tana haifar da hayaniya tana kuma sa SWR rawa, ruwan sama ya zo ya sauya komai. Ta biyu ita ce ta zangon mita 2, inda rubu'in zango, wato kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon igiyar, santimita 49 ne kawai: ana zura eriyar a bututun roba a tsayar da shi a rufi kamar bututun fitar da iskar bayan gida. Robar tana saukar da megahaz ɗin, don haka a auna bayan an zura, ba kafin ba, kuma fenti mai garin ƙarfe ba ya hawa kanta.

Wadda ban san inda za ku sa ta ba ita ce zoben maganaɗisu. Bututun jan ƙarfe milimita 22, a lanƙwasa shi zobe mai faɗin mita 1, kondensa mai juyawa a sama, ƙaramin zobe mai santimita 20 a ƙasa wanda kebul ke shiga. Kowace gaɓa sai an yi mata dalma mai kyau, domin 'yar tirjiya kaɗan ta cinye wutar. A wat 100 kondensar tana ganin dubban bolt, ta tsohuwar rediyo wuta za ta riƙa tsallakawa a cikinta, kuma ba a zama kusa da ita. Da ka matsa kilohaz kaɗan sai ka sake juyawa. Ana fito da ita baranda a yi aiki a mayar ɗaki.

Mai Fassara: Wannan tana da sunanta na siffa, "eriyar zobe", ba ta buƙatar wani. Amma har yanzu uwar muke nema, wadda za ta rufe ɓoyayyiya da silili da sandar tuta.

Malam Mai Nahawu: Hajiya, ni dai ɓad-da-kama zan ba uwar. Mai ɓad da kama burinsa kada a gane shi, ko ya sauya shiga ne, ko ya saje da jama'a, ko ya raɓe. Ukun nan duk sun shiga. Jam'inta "eriyoyin ɓad-da-kama", a rubuta da karan ɗori kamar ɓad-da-sawu. In ana son bambancewa sai a ce ɓoyayyiya ga ta silin, silili ga siririyar waya, "eriyar sandar tuta" ga waccan.

Baba Mai Gyaran Rediyo: Na yarda, Malam. Wayoyin nan 16 da Injiniya ya ce a baza a gindin sanda, ina ba da shawarar a ce musu "saiwoyi", tunda daga gindi suke fita su bi ƙasa. Amma wanda zai fassara ya kula: saiwoyin da ke kwance a ƙasa ba sai an auna su daidai ba, yawansu ake nema. Waɗanda aka ɗaga sama da ƙasa, kamar a jikin shingen katako, su guda 2 zuwa 4 sun isa kowane zango, amma dole a yanka su rubu'in zango daidai, wato 71.5 a raba da megahaz, mita 5 ke nan a zangon mita 20, kuma bakinsu yana ɗauke da bolt, sai a sa su inda hannu ba ya kaiwa.