Ina ake samun tsofaffin dokoki da muhawarar majalisar jiha?

Hajiya Rabi: Salamu alaikum 'yan zaure. Ɗalibi ne ke neman dokokin da suka shafi ƙasar Haɗeja daga 1960 zuwa 1983, da abin da 'yan majalisa suka faɗa a kansu. Ta ina zai fara?

Malam Ɗanlami: Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ya tambayi takardun Jigawa, don sai 1991 aka yi ta. Takarda tana ɗauke da sunan gwamnatin da ta buga ta ne. Daga 1960 zuwa 1967 gazet ɗin Jihar Arewa zai nema, wato mujallar da gwamnati ke buga dokoki da sanarwarta a ciki, bayan nan na Jihar Kano. Haka mai neman na Gombe: Arewa, sai Arewa maso Gabas, sai Bauchi daga 1976, kafin Gombe a 1996. A lura kuma, an sanar da jihohi 12 a Mayun 1967, amma sai Afrilun 1968 suka kama aiki sosai, don haka takardun tsakanin nan a duba Kaduna tukuna.

Barista Hauwa: Ƙari a kan na Malam. Gazet ba abu ɗaya ba ne. Jikinsa na ɗauke da naɗe-naɗe, ƙarin girma da sanarwar filaye. Dokokin suna cikin rataye: kashi na A dokar da aka sa wa hannu, B ƙa'idojin da aka fitar ƙarƙashin doka, C ƙudurin da bai zama doka ba. Lambar shafi ma da harafin take zuwa, A12, B40. Inda ake faɗuwa shi ne masu ɗinke kundin shekara sukan ware rataye su ɗinke shi daban, mutum ya gama juya kundi bai ga doka ko ɗaya ba ya ce babu. Ya tambayi kundin rataye da sunansa.

Kuma kada ya dogara da kundin dokokin Arewa na 1963 kaɗai. Yana da kyau, Final Kod (Penal Code, dokar hukunta laifuffuka) ma babi na 89 ne a ciki, amma dokar yadda take a lokacin haɗa kundin ya nuna. Wadda aka soke kafin nan ba ta ciki, gyaran baya ma babu.

Alhaji Bature: Batun muhawara, a rage masa wahala: daga Janairun 1966 zuwa Oktoban 1979 babu majalisa, babu Hansad, wato kundin muhawarar majalisa. Dokar jiha a zamanin soja Edict za ka gani a kanta, gwamna ne ya sa hannu. Abin da ya rage masa 1960 zuwa 1965 a zauren Lugga na Kaduna, majalisar wakilai da ta sarakuna kowace da kundinta, sai 1979 zuwa 1983 a Kano.

Hajiya Rabi: To Alhaji, shekara 13 ɗin nan ina zai ga dalilin yin doka?

Alhaji Bature: Rahoton kwamitocin bincike da farar takardar da gwamnati ta fitar a kansu, jawabin kasafin kuɗi na gwamna, da rahoton shekara na ma'aikatu. Gaskiya Ta Fi Kwabo da New Nigerian su cike giɓi.

Malam Ɗanlami: Wuraren zuwa: Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, nan fayilolin sakatariyar lardunan Arewa masu lambar SNP suke, da na larduna irin KANOPROF, wanda Haɗeja ke ciki. Sai Gidan Arewa, da ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Jami'ar Ahmadu Bello, da Gidan Ɗan Hausa a Kano. Dokar 1970 ta wajabta wa kowace gwamnatin jiha kai kwafi 10 na abin da ta buga Ɗakin Karatu na Ƙasa. A gwada can ma, sai dai ba duk abin da doka ta ce a kai ne aka kai ba.

Barista Hauwa: A ofishin akawun majalisa ya bambance abin da yake so. Takardar tsarin zama abin da za a tattauna kawai ta jera. Takardar ƙuri'u da matsaya ta faɗi abin da aka zartar a taƙaice. Hansad ne kaɗai ke kawo maganar kowa baki da baki, shi ne kuma aka fi rasawa, don bugunsa kan yi jinkiri.

Malama Zainab: In zai taɓa littafin kiyasin kasafi, tarko uku. Kafin Janairun 1973 fam ake rubutawa, fam ɗaya naira 2. Shekarar kuɗi kuwa daga Afrilu zuwa Maris take har 1980, shi ya sa ake ganin 1974/75. Kiyasi kuma ba abin da aka kashe ba ne, wannan sai rahoton babban mai binciken kuɗi.

Wajen ɗaukar hoto, in an ba shi izini, ya fara da shafin farko mai lambar kundi, lambar fitowa da kwanan wata, sannan shafin dokar. Ba tare da shi ba hoton ya zama maraya. Kada ya danne tsakiyar kundi, takardar ta bushe, karyewa take.

Barista Hauwa: In kotu za a kai, hoton waya bai isa ba. Ya nemi kwafin da jami'in da ke riƙe da takardar ya tabbatar, da sa hannu da suna da muƙami da kwanan wata.

Hajiya Rabi: Allah ya saka da alheri. Kaduna zai fara ke nan.