Sabarmu ta daina buɗe sabon aiki: in ɗaga pid_max ko in bar shi?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Sabar Linux ce mai bit 64. Da aiki ya yi yawa sai ta kama kukan `fork: retry: Resource temporarily unavailable`, alhali RAM ko rabi bai ci ba. Na duba `/proc/sys/kernel/pid_max`, wato iyakar lambar shaida (PID) da ake ba kowane furoses, aikin da ke gudana, na ga 32768. Ina so in ɗaga, sai dai akwai wata tsohuwar manhaja mai bit 32 a kanta, ba mu da rubutunta na asali balle mu gyara. Za ta jure?

Amsa ta 1: Wa'alaikumus salam Malam. Kafin ka taɓa komai, tabbatar pid_max ne ya tare ka, don wannan saƙon ba shi kaɗai ke jawo shi ba. Buga `cat /proc/loadavg`, ka dubi lambar da ke bayan alamar / a gurbi na huɗu. Ita ce jimillar abin da ke riƙe da lamba, kuma kowane zare (thread, ƙaramin reshen aiki) na cikin furoses yana cin tasa daga rumbu guda. In ba ta kusanci 32768 ba, laifin na wani ne: `ulimit -u`, ko `kernel.threads-max`, ko `TasksMax` na systemd (manhajar da ke kula da hidimomin saba), wanda yakan ba kowace hidima kashi 15 cikin 100 na pid_max kawai, wato 4915 a saba irin taka. Ka ƙirga matattun furoses masu alamar Z a `ps`. Sun mutu amma suna riƙe da lambarsu har uwar, wato furoses ɗin da ya tada su, ta kira `wait()`. In su ne, ɗaga iyaka jinkirta cikar kawai zai yi.

Amsa ta 2: Tsoronka kan tsohuwar manhajar yana kan hanya. Ba da ka aka zaɓi 32768 ba: lamba mafi girma da `short` mai bit 16 ke ɗauka ita ce 32767, kuma PID na tsayawa ne ɗaya ƙasa da pid_max. Shi kanel, wato zuciyar Linux, a `int` mai bit 32 yake ba da PID, matsalar inda manhajar ke zuba shi ne. In a `short` ne, 40000 zai koma -25536. Shi kuwa `kill()` in ya ga lamba mai ragi, rukunin furoses gaba ɗaya yake aika wa sigina. Mafi muni 65535, wanda ke komawa -1, ma'anarsa duk furoses ɗin da kake da ikon taɓawa. Ka ga in da root take gudana, an gama. Tsofaffin tsare-tsaren System V IPC (hanyar sadarwa tsakanin furoses) na i386, wato injin Intel mai bit 32, ma bit 16 suka ware wa PID. Sai masu ware gurbin haruffa 5 don rubuta lambar a fayil, ga shi sabuwar iyakar haruffa 7 ce.

Amsa ta 3: Iyakar bit 64 ita ce 4194304, kuma tun systemd 243 a 2019 ita ake sawa ta `50-pid-max.conf`. Yawancin manhajoji sun wuce lafiya. Taka dai gwaji za ta sha. A injin gwaji ka buga `sysctl -w kernel.pid_max=4194304`, sannan `echo 70000 > /proc/sys/kernel/ns_last_pid` don lamba ta gaba ta fara daga 70001, ka tada manhajar. Duba fayil ɗin PID ɗinta, ka bi ta da `strace -e kill`. In ka ga 4465 maimakon 70001, ta yanke lambar. In ta faɗi kuma kanel ɗinka 6.14 ne ko sama, an ba kowane keɓantaccen filin PID (PID namespace) nasa pid_max, sai ka kulle ta a kwantena (keɓantaccen muhalli a cikin sabar) mai 32768, sauran saba ta sake. In bai kai ba, ware mata injin bogi (virtual machine) nata.

Amsa ta 4: Ƙari kaɗan, ɗan'uwa. Barin 32768 ma da nasa haɗarin. Lamba na kaiwa ƙarshe ta zagayo ta fara daga 300, don haka a saba mai hada-hada, PID ɗin da aka rubuta ɗazu zai iya zama na wani yanzu. Manhajojin da kuke rubutawa da kanku su koma `pidfd_open()`, yana nan tun kanel 5.3.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Jimillar ta nuna 31900, kuma sama da rabi Z ne. Bari in fara da uwarsu.